Jean Dausset, likitan da ya gano shaidar da ke jikin kowane mutum

A kasuwar dabbobi ta Tanut ko ta Belbeji, kafin a shiga ciniki, dillali yakan zagaya raƙumi ya duba wuyansa da cinyarsa. Alamar wuta yake nema, shaidar da ke nuna gidan da dabbar ta fito. Idan shaidar baƙuwa ce, sai a yi tambaya. Idan kuwa aka tarar an kankare ta, ko an sake ƙone wurin don ta ɓace, zargin ya fi tsanani, domin mai gaskiya ba ya goge shaidar dabbarsa.

Jikin ɗan Adam ma da irin wannan tsari yake tafiya. Kusan kowace ƙwayar halitta a jiki tana ɗauke da shaida a bayanta, kuma akwai dakarun garkuwar jiki da ke yawo dare da rana suna duba ta. Wanda ya fara gano wannan shaida a jikin mutane shi ne likitan Faransa Jean Dausset, da ya rasu a shekarar 2009. Ya fara aikinsa da ƙara wa sojojin da suka ji rauni jini a Tunisiya, ya ƙare shi a kan wata tambaya da ta shafi kowace mai juna biyu: me ke hana jikin uwa yaƙar ɗan da ke cikinta, alhali rabin shaidar ɗan daga uba ta fito?

Ɗan likita a fagen yaƙi

An haifi Jean Dausset ranar 19 ga watan Oktoba na 1916 a birnin Toulouse da ke kudancin Faransa, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mahaifinsa, Henri Dausset, likita ne, kuma a lokacin yana cikin soja. Bayan yaƙi iyalin suka zauna a Biarritz, wani gari na bakin teku, har yaron ya kai shekara 11. Daga nan suka koma Paris, inda mahaifin ya shugabanci sashen gashin jiki da ciwon gaɓoɓi a asibitin Hôtel-Dieu. Jean ya yi sakandare a makarantar Michelet, ya ci bakaloriya a fannin lissafi, sannan ya bi sawun mahaifinsa ya shiga karatun likita a jami'ar Paris.

Bai gama ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. An ɗauke shi soja a 1939, ya dawo Paris a 1940 ya tarar Jamusawa sun mamaye ta. Ya zauna ya ci jarrabawar zama likita mai koyon aiki a asibitocin birnin, sannan ya tsallaka zuwa arewacin Afirka ya shiga rundunar da ke yaƙi a can. A fagen daga na Tunisiya aikinsa shi ne ƙarin jini ga masu rauni. A birnin Aljiyas kuma ya fara taɓa aikin ɗakin bincike. Da aka ƴantar da Paris a 1944, sai aka ɗora masa nauyin tattara jini a yankin birnin, daga cibiyar ƙarin jini ta asibitin Saint-Antoine.

Bayan yaƙi ya yi aiki tare da Marcel Bessis a kan wata dabara ta sauya jinin maras lafiya gaba ɗaya, a zuƙe nasa a zuba masa na wani. Da ita aka ceci jarirai, da kuma matan da ƙwayoyin cuta suka shiga jininsu bayan zubar da ciki. A 1948 ya tafi Amurka ya yi aiki a asibitin yara na Boston, sannan ya dawo gida. A waɗannan shekaru yana da wata rayuwa a gefe: shi da matarsa ta farko suna da ɗakin baje zane-zane a titin Dragon na Paris, inda masu zane da marubuta ke taruwa.

Abin da ya gani a madubin likita

Tun 1901 Karl Landsteiner ya nuna cewa jajayen ƙwayoyin jini suna da rukuni, abin da aka sani yau da A da B da AB da O. Shi ya sa har gobe, a asibitin Tanut ko a babban asibitin Damagaram, ba a ƙara wa yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini sai an gwada rukuninsa da na mai bayarwa. Amma likitocin zamanin Dausset sun lura da wani abu da ya ɗaure musu kai. Wasu marasa lafiya da aka yi wa ƙarin jini sau da yawa sukan yi zazzaɓi da rawar ɗari, ko da rukunin jinin ya dace sarai.

Dausset ya karkata ga fararen ƙwayoyin jini, waɗanda a lokacin ba a ba su muhimmanci wajen ƙarin jini ba. A 1952 ya ɗauki ruwan jinin wani maras lafiya da ya sha ƙarin jini, ya haɗa shi da fararen ƙwayoyin wani mutum dabam, ya duba a madubin likita. Sai ya ga ƙwayoyin sun cure wuri ɗaya, sun yi dunƙule. Da farko ya zaci jikin marasa lafiyar ne ke yaƙar ƙwayoyin kansa. Da ya yi ta maimaita gwajin, sai ya gane ba haka ba ne: ruwan jinin ba ya taɓa ƙwayoyin mai shi, na wasu mutane yake curewa. Jinin baƙi da aka yi ta zuba musu ne ya sa jikinsu ya ƙera makaman kariya, wato antibodi, a kan wata alama da ke bayan fararen ƙwayoyin waɗanda suka ba da jinin.

Shekara shida ya yi yana bin wannan zare, da taimakon wasu mutane da ke zuwa a kai a kai suna ba shi jininsu kyauta. A 1958 ya wallafa bayanin alama ta farko da aka taɓa tantancewa a fararen ƙwayoyin jinin mutum. Ya raɗa mata suna MAC, daga harufan farko na sunayen uku daga cikin masu ba shi jinin. Yau ana kiranta HLA-A2, kuma kusan rabin Turawa suna ɗauke da ita. A cikin wannan rubutu ya yi hasashen cewa irin waɗannan alamomi za su yi tasiri wajen dashen sassan jiki, musamman dashen ɓargo.

A wannan shekara ta 1958, Jon van Rood a birnin Leiden na Holan da Rose Payne a Amurka suka gano irin waɗannan makaman kariya a jinin matan da suka haihu sau da yawa, waɗanda ba a taɓa yi musu ƙarin jini ba. Ma'anar wannan a fili take: jikin uwa yana ganin shaidar uba da ɗan cikinta ya gada, yana kuma gane cewa baƙuwa ce. Duk da haka cikin ba ya zubewa. Wannan tambaya ta jira Dausset kusan shekara 40.

Fata a hannun ƴan sa-kai

Dausset bai tsaya a ɗakin bincike kaɗai ba. Daga 1955 zuwa 1958 ya zama mai ba ma'aikatar ilimi shawara, inda ya yi aiki da Robert Debré a kan garambawul ɗin da ya haɗa asibitoci da jami'o'in Faransa, ya sa manyan likitoci suka koma yin jinya da koyarwa da bincike a wuri ɗaya. A 1963 ya karɓi jagorancin sashen nazarin garkuwar jiki a asibitin Saint-Louis na Paris, inda ya yi sauran rayuwarsa ta aiki. A farkon waɗannan shekaru ne kuma ya auri Rosa Mayoral, ƴar ƙasar Sifaniya, suka haifi ƴaƴa biyu.

Ya rage a tabbatar cewa alamomin da ya gano su ne ke sa jiki ya ƙi karɓar sashen jikin wani. Don haka shi da wani likitan tiyata daga New York, Felix Rapaport, suka nemi ƴan sa-kai. Mutane masu ƙoshin lafiya, wani lokaci iyali guda, uba da ƴaƴansa, suka yarda a yanki ɗan ƙaramin yanki na fatar wani a dasa a hannunsu. Kullum ana duba dashen, ana rubuta ranar da ya fara mutuwa. An yi irin wannan dashe ɗaruruwa. Sakamakon ya nuna cewa gwargwadon kamannin shaidar mutum biyu, gwargwadon daɗewar fatar kafin jiki ya watsar da ita.

A 1965, tare da Pavol Ivanyi da Dagmar Ivanyi daga birnin Prague, Dausset ya nuna cewa alamomin da masu bincike dabam-dabam ke ganowa duk ƴan gida ɗaya ne. Ya kira tsarin Hu-1, daga baya aka daidaita a kan sunan HLA. An gano cewa ƙwayoyin gadon da ke ƙera su suna jere wuri ɗaya a kan kuromozom na 6, kuma mutum yakan gaje su a dunƙule, ƙunshi ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Lissafin da ya biyo baya shi ne wanda likitocin dashe ke aiki da shi har yau: tsakanin ƴan'uwa biyu uwa ɗaya uba ɗaya, damar shaidarsu ta zo daidai ita ce ɗaya cikin huɗu. Tsakanin bare da bare kuwa abin yana da wuya ƙwarai, domin nau'o'in HLA da aka rubuta yanzu sun kai dubun-dubata.

A 1969 ya kafa ƙungiyar France-Transplant don a riƙa kai ƙodar da aka samu ga maras lafiyar da shaidarsa ta fi dacewa da ita, ko da a wani gari yake. A 1972 ya shirya babban taron masana a garin Evian, inda aka kwatanta nau'o'in HLA na al'ummomi daga nahiyoyi dabam-dabam. A 1977 ya zama farfesa a Collège de France, ya kuma shiga majalisar masana kimiyya ta ƙasarsa. A 1980 aka ba shi kyautar Nobel ta fannin likita, tare da George Snell da Baruj Benacerraf, waɗanda suka yi nasu binciken a kan dabbobi.

Faifan da ke bakin buhu

Allah bai halicci wannan shaida don ta wahalar da likitocin dashe ba. Amfaninta na asali ya fito fili a 1974, lokacin da Rolf Zinkernagel da Peter Doherty, a birnin Canberra na Ostireliya, suka nuna cewa wasu dakarun jiki da ake kira ƙwayoyin T ba sa gane ƙwayar halittar da birus ya shiga sai ta hanyar wannan shaida. Su ma sun sami kyautar Nobel a 1996.

Yadda abin yake shi ne, kowace ƙwayar halitta tana yanko ƙananan guntaye daga furotin ɗin da take ƙerawa a cikinta, ta ɗora su a kan HLA, ta fito da su waje. Kamar mai sayar da gero ne da ke zuba kaɗan a faifai a bakin buhu, don mai wucewa ya san abin da ke ciki. Idan guntun na gida ne, ƙwayoyin T sukan wuce abinsu. Idan na birus ne ko na sankara, sai su kashe ƙwayar da ta nuna shi. A 1987 Pamela Bjorkman da Don Wiley da Jack Strominger, a jami'ar Harvard, suka fitar da siffar wannan faifai: a samansa akwai ɗan kwari mai tsawo, da guntun furotin kwance a ciki. Nau'in da suka yi aikin a kansa shi ne HLA-A2, wato MAC ɗin Dausset.

Wannan tsari yana da kafa guda da ɓarawo zai bi. Idan birus ya hana ƙwayar da ya shiga fito da faifan gaba ɗaya, ƙwayoyin T ba su da abin dubawa. Birus da yawa haka suke yi, haka ma wasu nau'o'in sankara. Nan ne rukuni na biyu na dakarun ke shigowa.

Masu neman shaidar da aka goge

A 1975 Rolf Kiessling da Eva Klein da Hans Wigzell a cibiyar Karolinska ta Stockholm, da kuma Ronald Herberman a Amurka, suka bayyana wasu fararen ƙwayoyin jini da ke kashe ƙwayoyin sankara nan take, ba tare da sun taɓa haɗuwa da su a baya ba. Aka kira su ƙwayoyin NK, ma'ana masu kisa tun daga halittarsu. Sukan manne wa ƙwayar da suka nufa, su huda ta, su zuba mata sinadaran da ke sa ta mutu. Abin da ya rage a sani shi ne yadda suke bambanta abokin gaba da ɗan gida.

Wani matashin mai bincike na Karolinska, Klas Kärre, shi ya kawo amsar a farkon shekarun 1980. A ganinsa ƙwayoyin NK suna neman shaidar gida ne. Idan sun same ta sai su janye, idan babu sai su kai hari. A 1986 shi da abokan aikinsa suka gwada a jikin ɓeraye. Ƙwayoyin sankarar da ke ɗauke da shaida suka girma suka kashe dabbar, waɗanda suka rasa shaidar kuwa ƙwayoyin NK suka share su. Ƙwayoyin T ke tare dabbar da ke ɗauke da kayan sata, ƙwayoyin NK kuma ke tare wadda aka kankare wa alamar wuta.

A shekarun 1990 aka gano kayan aikin da suke dubawa da su. Wayne Yokoyama a Amurka ya gano su a jikin ɓeraye, ƴan'uwa biyu Alessandro da Lorenzo Moretta a birnin Genoa na Italiya suka gano su a jikin mutane. Wasu ƴan furotin ne a bayan ƙwayar NK, na jikin mutane ana kiransu KIR, waɗanda ke kama HLA, musamman nau'in HLA-C da wasu na HLA-B. Da zarar sun kama, sai saƙon dakatawa ya shiga cikin ƙwayar. A 1998 aka gano wani mai dubawar da ke kama HLA-E, wanda shi kuma ba ya fitowa waje sai sauran HLA suna ƙeruwa lafiya. Ta haka ƙwayar NK ke sanin ko masana'antar shaidar tana aiki.

Rashin shaida kaɗai ba ya isa a yi kisa. Jajayen ƙwayoyin jini kusan ba su da HLA, amma ƙwayoyin NK ba sa taɓa su. Dalili shi ne akwai saƙo na biyu: ƙwayar da ke cikin wahala, saboda birus ko sankara, takan fito da alamun neman agaji, kuma ƙwayar NK tana auna saƙonnin biyu kamar a ma'auni. Idan na dakatawa ya rinjaya ta wuce, idan na hari ya rinjaya ta kashe. An kuma gano cewa tun suna tasowa, ƙwayoyin NK na kowane mutum suna samun tarbiyya a kan HLA ɗin jikinsa, shi ya sa ba sa juyowa kan mai su.

Birus ma ba su zauna ba. Na cutar sida yana janye HLA-A da HLA-B daga bayan ƙwayar da ya shiga don ya ɓuya wa ƙwayoyin T, amma yakan bar HLA-E a wurinsa don kada ya ta da ƙwayoyin NK. Wani birus da ake kira sitomegalo har shaidar jabu yake ƙerawa ya manna. Likitoci kuma sun juya wannan ilimi ya zama magani. A 2002 tawagar Andrea Velardi a birnin Perugia na Italiya ta nuna cewa idan aka yi wa mai sankarar jini dashen ɓargo daga ɗan'uwan da shaidarsu ta dace rabi kawai, ƙwayoyin NK na mai bayarwar za su iya rasa shaidar da suka saba da ita a jikin ƙwayoyin sankarar, su kashe su.

Tambayar uwa da ɗa

Dausset ya riga ya tsufa lokacin da ake waɗannan gano-gano, amma bai ajiye aiki ba. Tun 1953 Peter Medawar na Ingila ya jawo hankali ga abin mamakin da ke cikin juna biyu: ɗan tayi kamar dashe ne daga wani mutum, amma yana zama wata tara ba a kore shi ba. Bincike ya nuna cewa ƙwayoyin mabiyiya da ke kutsawa cikin bangon mahaifa ba sa nuna HLA-A da HLA-B, abin da ke rage musu haɗarin ƙwayoyin T na uwa. Sai dai bisa ƙa'idar Kärre, wannan ya kamata ya jawo musu harin ƙwayoyin NK. Ga shi kuwa a watanni ukun farko na ciki, kusan kashi 70 cikin 100 na fararen ƙwayoyin da ke bangon mahaifa ƙwayoyin NK ne.

A 1987 aka gano wani nau'i na musamman, HLA-G, kuma a 1990 aka nuna cewa a mabiyiya yake fitowa. Ya bambanta da sauran domin kusan iri ɗaya ne a jikin kowa. Dausset ya haɗa kai da Edgardo Carosella da Nathalie Rouas-Freiss a asibitin Saint-Louis suka duƙufa a kansa. A 1997, yana da shekara 80 da ɗoriya, suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi: sun haɗa ƙwayoyin mabiyiya na farkon ciki da ƙwayoyin NK na mahaifar uwa, ba a kashe su ba. Da suka rufe shaidar da antibodi, sai kariyar ta gushe, ƙwayoyin NK suka far musu. Suka kammala cewa HLA-G na daga cikin abin da ke kwantar da dakarun uwa.

Binciken da ya biyo baya ya faɗaɗa hoton. Ƙwayoyin NK na mahaifa ba su cika kisa ba. Babban aikinsu shi ne taimaka wa mabiyiya ta buɗe jijiyoyin jinin uwa don ɗan tayi ya sami abinci da iska. Idan wannan aiki bai yi zurfi ba, ɗan yakan tsumbure, uwar kuma takan kamu da hawan jinin masu ciki, wanda kan kai ga jijjiga. A 2004 tawagar Ashley Moffett a Cambridge ta nuna cewa haɗarin yakan ƙaru idan uwa tana da KIR masu yawan dakatarwa, ɗan kuma yana ɗauke da wani rukuni na HLA-C. A 2015 likita Annettee Nakimuli da abokan aikinta, a asibitin Mulago na birnin Kampala a Yuganda, suka nuna cewa wani nau'in KIR da ake samu a matan Afirka yana ba da kariya daga wannan ciwo.

Wannan ilimi bai zama gwajin da ake yi a ɗakunan shan magani ba tukuna. Abin da ke hannu a Damargu, inda mai naƙuda daga ƙauye kan yi tafiya mai nisa kafin ta isa Tanut, wani lokaci ma a wuce da ita Damagaram, shi ne awon ciki da gwajin hawan jini, da hanzarta zuwa asibiti idan aka ga kumburin fuska da hannu, ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi. Amma ya tabbatar da cewa jijjiga tana da tushe a yadda mabiyiya ta kafu tun farkon ciki, kuma ba laifin matar ba ne.

Gadon da ya bari

Afirka ta Yamma ta ba da nata gudummawa ga labarin HLA. A 1991 Adrian Hill da abokan aikinsa, bayan nazarin yara a Gambiya, suka ba da rahoton cewa masu ɗauke da HLA-B53, nau'in da ya yawaita a wannan yanki amma ya yi ƙaranci a Turai, sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Wannan ya zo daidai da tunanin da Dausset ya daɗe yana yaɗawa, cewa yawan bambancin shaida tsakanin mutane shi ne ke hana annoba ɗaya ta share al'umma baki ɗaya. Tun 1976 ya shirya taron farko na duniya a Paris a kan alaƙar HLA da cututtuka, ya kuma riƙa kira da a koma ga likitancin da ke hango ciwo kafin ya zo.

Ga iyalan da ke fama da sikila, aikinsa yana nan a wurare biyu. Yaron da ake yawan ƙara wa jini yakan ƙera makaman kariya a kan HLA na masu ba shi, irin abin da Dausset ya gani a 1952, shi ya sa cibiyoyin da ke da hali suke tace fararen ƙwayoyi daga jini kafin a ƙara. Sannan dashen ɓargo, wanda ke iya warkar da cutar, ya fi nasara idan an samu ɗan'uwa ko ƴar'uwa da shaidarsu ta zo daidai. A asibitinsa na Saint-Louis ne, a 1988, likita Eliane Gluckman ta yi dashen farko a duniya da jinin cibiya, daga jaririya zuwa yayanta mai wata cutar jini ta gado, bayan an tabbatar HLA ɗinsu ɗaya ne.

Kuɗin kyautar Nobel bai kashe su a kansa ba. A 1984 ya haɗa su da wata babbar kyauta daga dukiyar Hélène Anavi, mai tara zane-zane, ya kafa cibiyar CEPH tare da Daniel Cohen. Cibiyar ta tattara samfurin gado na manyan iyalai masu ƴaƴa da yawa, ta riƙa raba shi ga ɗakunan bincike na duniya, da sharaɗin kowa ya dawo da sakamakonsa cikin rumbu ɗaya. Daga wannan haɗin gwiwa aka samu wasu daga taswirorin farko na gadon ɗan Adam. A 1993 aka mayar da ita gidauniya mai ɗauke da sunansa. Ya kuma shugabanci wata ƙungiya mai tunatar da masana kimiyya nauyin da ke kansu game da abin da ake yi da bincikensu. A 1998 ya wallafa tarihin rayuwarsa da Faransanci.

Shekarunsa na ƙarshe ya yi su ne a tsibirin Mayorka na Sifaniya, ƙasar matarsa. A can ya rasu, a birnin Palma, ranar 6 ga watan Yuni na 2009, yana da shekara 92. Masu ba da jinin nan uku da ya ɗauki harufan sunayensu ba su yi suna a duniya ba, kuma sunan MAC ya ɓace daga littattafan asibiti. Amma duk lokacin da aka ɗibi jinin yara ƴan ɗaki ɗaya don a nemi wanda zai ba ɗan'uwansa ɓargo, HLA-A2 na cikin abin da ake dubawa.